Gishiri da kanwa a ƙasar noma: yadda suke buɗe wa cututtukan bakteriya ƙofa

Noman rani ya zama abin dogaro ga iyalai da yawa a ƙasarmu. Daga Galmi da Ƙonni zuwa Jiratawa, daga bakin kogin Kwara zuwa Komadugu, albasa da tumati da shu da tattasai da shinkafa su ne ke cike giɓin da damina ta bari. To amma akwai garake da filayen gandari inda manomi kan wayi gari ya tarar da wani farin abu kamar gari ya lulluɓe bakin fangali, shuka ta tsumbure, bayan ƴan kwanaki kuma ta soma yaushi ko ruɓa. Wani ya ce gishiri ne. Wani ya ce cuta ce. Sau da yawa duka biyun ne suka haɗu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda bai iya bambanta su ba yakan zuba kuɗinsa wajen sayen maganin feshi, amfanin ya lalace duk da haka, kuɗin iri da na man injin ban ruwa su koma bashi a wuyansa.

Daga ina gishirin yake fitowa?

Babu ruwan rijiya ko na kogi ko na tabki da ba shi da ɗan gishiri a narke cikinsa, ko da harshe bai ji shi ba. Idan aka yi ban ruwa, shuka ta sha wani kashi, rana da iska su ɗauke sauran. Ruwan yana tashi sama, gishirin kuwa ba ya tashi: nan yake zama cikin ƙasa. A ƙasarmu, abin da rana ke iya ƙafewa cikin shekara ya wuce mita 2 na ruwa, alhali ruwan saman da ake samu a Maraɗi ko Damagaram bai cika wuce rabin mita ba. Saboda haka damina ba ta da ƙarfin wanke duk abin da rani ya tara.

Bari mu yi lissafi. A ɗauka ruwan rijiyarka yana da rabin giram na gishiri cikin kowace lita. Wannan ruwa ne da mutum zai sha bai ce komi ba. Jarka mai lita 20 tana ɗauke da giram 10, kimanin ƙaramin cokali biyu. Jarka 100 ta ba da kilo 1. Eka guda ta albasa, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, tana iya shan lita miliyan 5 daga dashe zuwa cira. Gishirin da ke cikin wannan ruwa kilo 2500 ne, buhu 50 ke nan masu kilo 50. Babu manomin da zai yarda a juye masa buhu 50 na gishiri a gona, amma ruwan ban ruwa yana yin hakan a hankali, ba tare da kowa ya gani ba. Idan ƙasar tana tsotse ruwa zuwa can ƙarƙashi, mafi yawan gishirin yana bin ruwan ya wuce. Idan ba ta tsotsewa, ya zauna.

Wani gishirin kuma daga ƙarƙashin ƙasa yake hawowa. A fadama da kwari, inda ruwan ƙasa yake kusa, danshi yana hawa zuwa sama kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Yana ƙafewa a fuskar ƙasa, ya bar farin ɓawo. Ta haka ne ake samun kanwa a kwaruruwan ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa, da kuma Dallol Boso. Ta haka ne mutanen Dallol Foga ke dafa gishiri tun kaka da kakanni. Masu bincike sun tarar da ƙasa mai kanwa a gandarin Losa da na Sona cikin jahar Tilaberi, da ƙasa mai gishiri a wajen Kolo, kudu da Yamai. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: a shekarar 2024 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na filayen da ake yi wa ban ruwa a duniya gishiri ya taɓa su.

Ƙasa mai gishiri dabam, mai kanwa dabam

Ya kamata a rarrabe su, domin gyaransu ba iri ɗaya ba ne. Ƙasa mai gishiri tana yin farin ɓawo, amma in ka taka ta sai ka ji tana da laushi, ruwa kuma yana shiga cikinta. Ƙasa mai kanwa ita ce mai wuyar sha'ani. In ta jiƙe tana santsi kamar sabulu, ruwa ya kwanta bisanta kwana da kwanaki. In ta bushe ta yi tauri har hauya ta riƙa tsalle. Wani lokaci ɓawonta baƙi ne ko ruwan ƙasa, saboda kanwa tana narkar da takin da ke ciki ta fito da shi sama. A irin wannan ƙasa, farin takin zamani, wato ure, yana watsewa cikin iska kafin shuka ta amfana da shi.

Ma'aikatan gona suna da wata na'ura da ke auna gishirin ƙasa ta hanyar lantarki. Idan awon ya kai 4, sai a ce ƙasar mai gishiri ce. Amma shuke-shuke da yawa suna soma wahala tun kafin a kai nan. Karoti yana soma raguwa daga 1, albasa daga 1,2, salati daga 1,3, tattasai daga 1,5, shu daga 1,8, tumati daga 2,5, shinkafa daga 3. Dabino yana jurewa har 4, alkama har 6, dawa har kusan 7. Abin lura shi ne, albasa, wadda ita ce dukiyar manoman Adar da Maggiya, tana cikin waɗanda suka fi kowa rashin juriya.

Mine ne bakteriya?

Bakteriya wata halitta ce ƙanƙanuwa da ido ba ya gani sai da madubin likita. In aka jera dubu ɗaya kai da kai, tsawonsu bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Ba ta yin ƙwai, ba ta haihuwa: rabuwa take yi gida biyu. In tana rabuwa sau ɗaya cikin kowace awa, guda ɗaya za ta zama 1024 bayan awa 10, ta wuce miliyan ɗaya bayan awa 20. Shi ya sa tumatin da aka bari lafiya lau da safe ake iya tarar da shi a langaɓe bayan kwana biyu.

Mafi yawan bakteriya ba su da laifi. Wasunsu ma su ne ke ruɓar da taki, su ne ke cikin ƙulluttan saiwar wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kaɗan ne ke sa wa shuka ciwo. Waɗannan ba su da baki irin na tsutsa, ba sa iya huda fatar shuka da kansu. Sai sun samu ƙofa: rauni, ko ƙananan kafofin da ke jikin ganye. Kuma sai sun samu ruwa, domin cikin ruwa suke tafiya.

Ina haɗin gishiri da cuta?

Gishiri ba ya haifar da bakteriya. In babu ƙwayar cutar a wurin, komi yawan gishiri ba za a ga cutar ba. Ƙwayar tana zuwa ne cikin iri, ko dashe, ko ƙasar da ta manne a ƙafa da hauya, ko ruwan da ya bi ta gonar maƙwabci. Abin da gishiri ke yi shi ne sassauta shuka da buɗe ƙofa.

Da farko yana hana saiwa shan ruwa. Kowace mace ta san cewa in ta barbaɗa gishiri bisa yankakken tumati, ruwansa zai fito. Haka saiwa take fama cikin ƙasa mai gishiri: ga ruwa kewaye da ita, amma ga ƙishirwa. Shukar da ke wannan fama tana karkata ƙarfinta wajen tsare ruwan jikinta, abin da za ta kare kanta da shi daga cuta ya ragu. An gwada haka da kokwamba a ɗakin bincike: wadda aka fara shayar da ita ruwan gishiri, da aka sa mata bakteriya mai tabon ganye, ta fi jigata bisa wadda ta sha ruwa mai daɗi.

Sannan akwai maganar sinadarin kalsiyom. Shi ne ke ɗaure naman shuka ya yi ƙarfi, kamar yadda ramno ke ɗaure laka wajen gini. Gishiri da kanwa suna ƙunshe da wani sinadari, sodiyom, wanda ke tare wa kalsiyom hanyar shiga saiwa. Shukar da ba ta samu isasshen kalsiyom ba, namanta yana da saurin narkewa in bakteriyar ruɓa ta shiga. An tabbatar da haka ga dankalin turawa, an kuma ga cewa tumatin da ya ƙoshi da kalsiyom ya fi jure cutar yaushi.

Amma a ganina babban haɗin yana ga ruwa. Abin da ke tara gishiri shi ne ke yaɗa bakteriya: magudanar da ta toshe, ruwan da ya kwanta, zafi, da hanyar ruwa guda da ke bi daga fangali zuwa fangali. Inda ruwa ya kwanta, saiwa ba ta samun iska, ƙananan saiwoyi su mutu su ruɓe, kowace ta zama ƙofa. Ƙasa mai laka da kanwa kuma, in ta bushe ta tsage, tana tsinke saiwoyi. Ga wata ƙofar. Manomi ya ga shuka ta yi rauni, sai ya ƙara ure da niyyar ta farfaɗo. Takin zamani kansa ɗan uwan gishiri ne, kuma yawan ure yana sa ganye ya yi laushi, irin wanda bakteriya ta fi so.

Wani zai ce: ai gishiri yana hana nama da kifi ruɓa, mi zai hana ya kashe cutar? Gaskiya ne bakteriyar da ke sa tumati yaushi ba ta son gishiri. Ba ta girma cikin ruwan da ya kai giram 20 a lita. Sai dai tun kafin ƙasa ta kai wannan matsayi tumatin ya riga ya mutu. Ita kuwa bakteriyar da ke ruɓar da albasa da shu tana rayuwa cikin ruwa mai giram 50 a lita, wanda ya fi ruwan teku gishiri, tunda na teku giram 35 ne. Kada kowa ya zuba gishiri ko kanwa a gona da sunan magani.

Ƙunar ganyen shinkafa

Masana suna kiran ƙwayar wannan cuta Xanthomonas oryzae. Manoman ƙasar Japan ne suka fara lura da ita a shekarar 1884. A Afirka ta Yamma an fara ba da labarinta a Mali cikin 1979, a Nijar kuma cikin 1983. Filayen gandari da ke bakin kogi, waɗanda hukumar ONAHA ke kula da su tare da ƙungiyoyin manoma, wuri ne da ya dace da ita, domin ana noma shinkafa sau biyu a shekara, ruwa ɗaya kuma kowa ke sha. In ta kama da wuri kuma irin ba mai juriya ba ne, tana iya cin rabin amfanin.

Tana shiga ta kafofin da ke gefen ganye da kuma ta rauni. Alamarta ta fari wani jiƙaƙƙen layi ne a gefen ganye, kusa da tsini. Layin yana tsawo yana gangarowa, ya koma rawaya, daga baya ya yi fari kamar tattaka. Iyakar da ke tsakanin wurin da ya ƙone da wurin da ke kore ba miƙaƙƙiya ba ce, tana lanƙwashe-lanƙwashe. In ka je da sassafe, kafin raɓa ta bushe, za ka ga ɗigo-ɗigo masu kama da madara bisa tabon. In sun bushe su zama ƴan ƙwayoyi rawaya. Wannan ɗigon cike yake da bakteriya. Iska mai ruwa ta kaɗa, ganye ya gogi ganye, cuta ta bazu. Akwai kuma nau'in da ya fi muni, wanda ke kama dashe cikin makonnin farko: ganyen ya naɗe, ya yi toka-toka, gindin gaba ɗaya ya mutu.

Ƙunar gishiri tana kama da wannan, shi ya sa ake rikicewa. Ga bambancin. Gishiri yana ƙone tsinin ganye ya yi fari, yana farawa da tsofaffin ganyaye, shukar ta gajarce, ba ta yin ƴaƴa da yawa a gindi. Ɓarnarsa tana bin yanayin fili: ta fi yawa a ƴan tuddai inda ruwa ba ya rufewa, da ƙarshen hanyar ruwa, kuma kowace shekara wuri ɗaya take komawa. Ba ta da ɗigon madara. Cutar bakteriya kuwa tana tafiya, tana bin ruwa da iska daga inda ta soma. In kana shakka, yanki ganyen daidai bakin tabon, ka tsoma shi cikin kofin gilashi mai ruwa garau. In bakteriya ce, bayan ɗan lokaci za ka ga wani abu kamar hayaƙi yana fita daga yankan, ruwan ya gurɓace.

Shinkafa ta fi jin gishiri a lokaci biyu: tana ƙarama, da lokacin da take fidda kai. Lokacin dashe kuma shi ne lokacin da ta fi samun rauni. Saboda haka wurin renon iri ya kasance a ƙasa mafi kyau, wadda ba ta da ɓawo kuma ambaliya ba ta rufe ta. A cire dashe a hankali. Al'adar nan ta datse kan ganye kafin a dasa, a bar ta: wuƙa guda tana iya raba cutar ga dami ɗari. A raba ure kashi biyu ko uku maimakon a zuba shi gaba ɗaya, in kuma cutar ta bayyana a dakata da shi. Kada a bar ruwan fangalin da ya kamu ya malala cikin na kusa. Bayan girbi a nome kututturan, kada a bar su su sake toho, a bar filin ya bushe sosai.

A nome ciyawar bakin magudana, musamman shinkafar daji, domin cutar tana fakewa cikinta tsakanin noma da noma. Abin mamaki, daga jikin wannan shinkafar daji aka samu ɗaya daga cikin manyan makaman yaƙi da cutar. Wata da aka ɗebo daga Mali ta nuna juriya ƙwarai. Masana suka gano ƙwayar gadon da ke ba ta juriyar, suka sa mata suna Xa21, aka ware ta a wata jami'a ta Kaliforniya a Amurka cikin 1995. An shigar da ita cikin irin shinkafa da dama ta hanyar barbara. Sai dai bakteriyar Afirka ba daidai take da ta Asiya ba, irin da ya jure a can ba lalle ya jure a nan ba. Kafin ƙungiya ta sayi iri, ta nemi shawarar cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN.

Yaushin tumati, tattasai da yalo

Sunan ƙwayar Ralstonia. Tana zaune cikin ƙasa da ruwa, tana iya shekaru tana jira, kuma tana kama tsirrai fiye da iri 200: tumati, tattasai, tonka, yalo, dankalin turawa, taba, har da gyaɗa. Ta saiwa take shiga. Tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu a garake masu rairayi, tana buɗe mata hanya. In ta shiga sai ta cika jijiyoyin da ke kai ruwa sama, ta toshe su da majina.

Shukar tana langaɓewa da rana, ta farfaɗo da dare, kwana biyu ko uku, sannan ta faɗi gaba ɗaya alhali ganyenta kore ne shar. Wannan koren shi ne babbar shaida. Tumatin da gishiri ya dama yakan gajarce, gefen ganyensa ya ƙone, ƴaƴansa su yi ƙanana, amma ba ya faɗuwa farat ɗaya. Gwajin kofi a nan ya fi sauƙi. Yanke karan kusa da ƙasa, ka rataya guntun cikin ruwa garau, kada ka motsa kofin. Cikin ƴan mintoci, in cutar ce, farin zare kamar madara zai riƙa sauka daga yankan.

Shukar da ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta da saiwarta da ƙasar gindinta, a sa cikin buhu, a fitar daga garka a ƙone. Kada a jefa ta cikin ramin taki, balle rijiya ko magudana. A toshe ruwa daga wannan fangali, a riƙa yin aikinsa daga ƙarshe, a wanke hauya da wuƙa da ruwan jabel: awo ɗaya na jabel cikin awo 9 na ruwa. Wurin da cutar ta bayyana a huta da tumati da danginsa shekara 3 ko 4, a sa masara, dawa, hatsi ko alkama. Akwai irin tumati masu juriya, kamar wanda ake kira Mongal. Juriya ce, ba kariya ce cikakka ba.

Akwai wani ciwo da ake ɗora wa cuta alhali ba cuta ba ne: baƙin tabon da ke fitowa a ƙarshen ɗan tumati, ya lotsa ya bushe kamar fata. Rashin kalsiyom ne cikin ɗan, gishiri da ban ruwa na yau-akwai-gobe-babu su ke kawo shi. Feshi ba ya yi masa komi. Daidaita ban ruwa shi ne maganinsa.

Ruɓar albasa da shu

Wanda ya taɓa buɗe rudu ya ji ɗoyi ya san wannan cuta. Albasar tana kyau a waje, in ka matsa wuyanta ruwa mai wari ya fito, cikin ya narke. Bakteriyar tana shiga tun a gona, ta wuyan da bai bushe ba, ko ta saran hauya, ko ta inda ƙwari suka ci, amma sai a wurin ajiya ɓarnar ke bayyana, daidai lokacin da manomi ke jiran farashi ya tashi. Albasar Galmi ta yi suna wajen jure ajiya, amma wadda aka cika wa ure da ruwa har ranar cira ba za ta jure ba.

A tsaida ure tun albasa ta soma ɗaura kai. A yanke ban ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira, lokacin da ganye ya soma kwanciya da kansa. A bar ta ta sha iska, ganyen wata ya rufe kan wata don kada rana ta dafa ta. Sai wuyan ya bushe a yanke ganyen, a bar kamar faɗin yatsa biyu. Duk mai rauni a ware ta a kai kasuwa ko madafa. Rudu ya kasance bisa ƙafafu, iska tana ratsa shi, a riƙa dubawa ana fidda wadda ta soma.

Shi kuwa shu, wanda wasu ke kira kabeji, ban da wannan ruɓa yana da wata cutar da ke zuwa cikin iri. Tabonta rawaya ne, yana farawa daga gefen ganye, mai faɗi a baki da tsini a ciki kamar harafin V, jijiyoyin ganyen su yi baƙi. A sayi iri mai tabbas, a guji watsa ruwa bisa ganye da marece.

Maganar feshi

Magungunan da ake sayarwa a kasuwa, mafi yawansu na ƙwari ne ko na funfuna. Ba sa kashe bakteriya. Mai sinadarin tagulla yana rage tabon ganye in an fesa kafin cuta ta bazu, amma ba ya kai wa ga wadda ta riga ta shiga jijiya ko ta zauna cikin ƙasa. Kafso da sauran magungunan mutane da na dabbobi kuwa, kada a narka su a fesa wa shuka. Ba za su ceci gonar ba, kuma yin haka yana koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da za a nema ranar da yaro ya kwanta.

Gyaran ƙasar

Babu abin da ke fidda gishiri sai ruwa mai daɗi da ya ratsa ƙasa ya wuce da shi. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce: in ruwa mai zurfin santimita 30 ya ratsa ƙasa mai kaurin santimita 30, yana tafiya da kusan kashi 80 cikin 100 na gishirinta. Amma sai ruwan ya samu mafita. Shi ya sa yasar magudanar da ke fidda ruwa daga gandari ta fi kowane magani. Aiki ne na gayya, wanda kowa ke jiran wani ya fara; ƙungiyar da ta tsaida ranar yasa kafin kowane dashe ta rage wa kanta gishiri da cuta a tashi ɗaya.

A garka, a kankare farin ɓawon kafin ruwan farko, a kai shi nesa. A daidaita fangali, a ɗaga bakinsa don ruwan sama ya tsaya ya nutse. Cikin rani a rufe ƙasa da tattaka ko buntun shinkafa, saboda ƙasar da ke rufe ba ta ƙafewa da sauri, gishiri ba ya hawowa. Ban ruwa mai ƙoshi lokaci-lokaci ya fi yayyafi kullum, wanda ba ya wuce fuskar ƙasa. Masu yin kunya su lura: gishiri yana taruwa a ƙololuwar kunya, don haka a dasa a gefenta, kusa da inda ruwa ke kaiwa.

Ƙasa mai kanwa ruwa kaɗai ba ya isarta, tunda ba ya shiga. Tana bukatar ruɓaɓɓen takin gargajiya mai yawa, shekara bayan shekara. Tana kuma bukatar wani farin dutse mai laushi da ake kira jips, wanda ake haƙowa a jahar Tawa ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza. In aka niƙa shi aka gauraya da ƙasa, kalsiyom ɗin da ke cikinsa yana ture sodiyom, ƙasar ta saki, ruwa ya samu hanya. Yawan da za a zuba ya danganta da awon ƙasar, sai malamin gona ya faɗa. Toka ba ta dace da irin wannan wuri ba, domin ita ma ƴar uwar kanwa ce. Kashin kaji ɗanye yana da gishiri, sai ya ruɓe tukuna. A Losa da Kolo an gwada shuka burgu, ciyawar nan ta bakin kogi, bisa filayen da suka lalace: saiwarta tana buɗe ƙasa, ruwan da take tsaye ciki yana wanke gishiri, ga kuma abincin dabbobi. Filin da ya yi nisa, gara a ba shi burgu ko alkama ko dawa na ƴan shekaru da a yi ta binne kuɗin albasa cikinsa.

Ruwan rijiya ma yana canzawa: wanda ke da daɗi a watan Disamba yana iya yin ɗanɗanon kanwa a watan Afrilu, sa'ad da rijiya ta ja baya. In aka auna aka tarar bai kai rabin giram a lita ba, babu damuwa. Daga nan zuwa giram 2 sai da kula. Abin da ya wuce giram 2 bai dace da kayan garka ba.

Mai son a duba masa gona ya kai wa malamin gona ko ma'aikatan kare tsirrai abu uku. Shukar da ta soma ciwo amma ba ta mutu ba, da saiwarta, a naɗe cikin takarda, ba cikin leda ba, domin leda tana dafa ta. Ƙasa cike da gwangwani daga wurin da ya lalace, da wata daga wurin da ke lafiya, kowace dabam. Sai ruwan rijiya cikin kwalba mai tsabta. A rubuta bisa ƴar takarda sunan irin, ranar dashe, takin da aka zuba da yawansa, da ranar da aka fara ganin ciwon, a kai su a ranar da aka ɗebo su.